Gaisuwar Baba a Matakala

Ƙarfe huɗu na yamma ne, daga ni sai Baba a ɗakinmu da ke birnin Guangzhou. Yana karanta tsohon littafin labarin Turawan Ingila, yana fassara mini.

Ya ce, "Ka ji, mutanen nan ba sa gaisawa da maƙwabci sai wani ya gabatar da su."

Na ce, "Baba, ashe shi ya sa tsohon da ke ƙasanmu ba ya amsa maka gaisuwar 'ni hao' a matakala. Wa zai gabatar da mu?"

Ya rufe littafin. "Babu kowa. Gobe ma zan gaishe shi."

Haka ya yi har muka tashi daga gidan, ba a amsa ba. Baba ya rasu, shirun nan kuwa yana damuna har yau.

Don Allah, in baƙo ya gaishe ku, ku amsa.