Mai Riƙe Gida

Shekara ashirin da biyu tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kafanchan, sai wata rana ta ga takardar albashin sabon malami a ofis. Watansa uku da fara aiki, amma albashinsa ya fi nata.

Ta tambayi hedimasta dalili.

"Madam, shi namiji ne," in ji shi. "Shi ke riƙe gida."

Ta ƙarasa darasi, ta biya kasuwa ta sayi doya.

Da yamma tana fere doyar, sabon malamin ya shigo, ya leƙa tukunya kamar yadda ya saba tun yana ƙarami.

"Mama, abinci bai dahu ba?"

"Saura kaɗan," ta ce.