Suna na Sha Biyu

Ƙarfe goma na safe, ana yayyafi a Doka. Ishaya, mai kula da kwamfutocin kamfaninmu, ya kunna sabuwar manhajar da ya haɗa: lambar sirri ɗaya ta buɗe maka komai, har albashi. Sunayen masu shiga suna wani fayil daban. Wanda aka goge a ciki, an sallame shi ke nan.

Manaja ya miƙa masa takarda. "Goge sha biyun nan. Hedikwata adadi kawai take dubawa."

Ni maigadi ne, ga matata da tsohon ciki. Na gwada lambata a waya. Ta buɗe.

Ta Ishaya ce ta ƙi. Ni aka sa na raka shi ƙofa.

"Oga, kai da ka gina abin?"

"Haka aiki yake, Sama'ila." Ya ba ni takardar. "Jefa min a shara."

Karatuna bai yi nisa ba, amma na san sunana. Shi ne na sha biyu. An soke shi da biro, an rubuta Ishaya a gefe.

Ashe shi ya musanya sunana da nasa. Na ɗago, keke ya riga ya tafi da shi. Ya bar min lemarsa a kan benci.