Mangwaron Ranar Talata

Littafi na uku da Abdussalam ya kawo mata shi ne mai jan bango, na girkin matan ƙauyen Faransa, kuma shi Nana Fatima ta fi so. Kafin ta ɗora tukunya sai da ta bi shi shafi-shafi da biro. Duk inda aka ce a zuba giya ta soke, ta rubuta ruwan inabi da ɗigon lemon tsami. Jikar malamai ce, ko turaren da aka ce da giya a ciki ba ta shafawa.

Auren dai ya daɗe da yin tsami, duk 'yan gida da ke unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira sun sani. Abdussalam, mai sana'ar kawo marasa lafiya daga Kano zuwa asibitocin Alƙahira, ya taɓa sakinta sau ɗaya. A ranar kawunta Ɗanmalam, tsohon alƙali, ya gaya masa ta waya cewa da ɗanta Habibu za ta dawo gida, domin uwa shari'a ta ba riƙo, sai fa idan an kama ta da abin kunya. Kafin idda ta cika ya mayar da ita. Tun daga nan mutum ya zama kamar ba shi ba: ga littattafai, ga tukwane, har malamar girki ya nemo mata.

Malamar ita ce Awadiyya, Bahaushiyar Sudan da ke unguwar Ma'adi, mai dafa wa Turawa abincin biki. Kowace Talata Abdussalam da kansa yake kai cefane da safe, Nana ta biyo jirgin ƙasa bayan azahar. Wani sa'in ta ji ƙanshin banila a hannunsa, ta tsokane shi da cewa yana satar cin kek a bayan idonta.

Ta koyi miyar albasa mai cuku a sama, ta koyi kaza cikin kirim, ta koyi kek ɗin tuffa da ake kifewa a faranti. In zafin kicin ya ishe su, sai Awadiyya ta ciro jug daga firij. Ruwan mangwaro ne mai kauri, mai sanyi, zaƙi har kunne.

"A wane littafin yake?" Nana ta tambaya.

"Wannan ba ya cikin littafi, habibti. Sha kawai."

Kai, abin da daɗi! Shekarar dokar hana fita ce, ƙarar bindiga ta hana Nana barci, amma ranar Talata sai ta kwana kamar jaririya. Ciwon kan Laraba ta ɗora wa zafin gari. Daga baya ta roƙi a riƙa cika mata filas ta tafi da shi gida. Daga baya kuma Talata ta soma yi mata nisa.

Ana haka Kawu Ɗanmalam ya zo aikin ido tare da matarsa, Gwaggo Zahra. Abdussalam ne ya shirya komai, shi ya ce Nana ta nuna musu abin da ta koya. Tun safe take tsoron kada ta ba da kunya. Allah ya taimake ta, mijinta ya biya ta Ma'adi ya taho mata da filas. Na ranar ya ɗan yi kaifi a maƙogwaro, amma zaƙi ya rufe. Ta sha kofi biyu, ta ƙara na uku.

Da waƙa ta fito falo, tukunyar miya a hannu, ɗankwali ya zame, Habibu riƙe da zanenta. Ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Miyar albasa mai tafasa ta sauka a hannun yaron. Yana ihu, ita kuwa tana zaune a ƙasa tana dariya. Dariyar nan ce ba wanda ya yafe mata.

Idon Kawu ne ya mutu, hancinsa lafiya lau. Ya shinshina filas ya saki salati. Aka kira Awadiyya a waya, kowa na ji.

"Wallahi mangwaro nake ba ta. Abin da take ƙarawa a gida, ita da Allahnta."

A kan kantar kicin, bayan littattafan girkin, Gwaggo ta zaro kwalbar giyar vodka, saura rabi, da hoton furen banila a jiki. Abdussalam ya zube a ƙasa yana kuka kamar maraya. Kawu da bakinsa ya ba shi haƙuri, da bakinsa ya ce yaro ya zauna wurin ubansa. Nana ta rantse da Alƙur'ani har muryarta ta dishe, amma wa ke karɓar rantsuwar mashayi?

Da aka gama aikin ido suka tafi da ita. A filin jirgi ta durƙusa ta miƙa wa ɗanta hannu. Habibu ya ɓoye naɗaɗɗen hannunsa, ya laɓe bayan ƙafar ubansa.

Talatar da ta biyo baya, mai jug ya zo Ma'adi karɓar kayansa. Awadiyya ta ƙi kallon fuskarsa.

"Ba mu yi da kai za a ƙona yaro ba."

"Ma'alish, ba komai, fata ce, za ta warke."

Ta ci gaba da goge jug ɗin. Can dai sana'a ta fi ƙarfin kunya, ta ce Turawanta sun ɗanɗana ragowar, sun nace sai ta haɗa musu. Yaya ake yi?

"Mangwaro kashi uku, vodka kashi ɗaya, zuma ta kashe ɗacin," in ji Abdussalam, yana gyara hularsa. "Amma kada ki yi gaggawa. Ni da rabin cokali na fara mata."