Sake Fasalin Dangantaka

"Kamfani zai sake fasalin dangantakarsa da ku, domin ci gaban masu ruwa da tsaki," in ji wakilin kamfanin a gaban manoman gyaɗa na Rogo.

Suka tafa. Wani dattijo ya sa masa albarka, aka ɗaure masa zabi biyu a bayan mota. Daɗi ya kama shi: ya gaya musu bana ba za a sayi gyaɗarsu ba, kuma babu wanda ya gane.

Yana shiga Karaye, sai ga kiran manaja.

"Kamfani zai sake fasalin dangantakarsa da kai..."

Shi kam ya gane sarai. Zabin na ta kuka a baya, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Na gode, ranka ya daɗe."