Ƙasar da Aka Ɗebo Daga Wata

Baba mahaƙin rijiya ne, kuma da hanci yake aikinsa. In aka jawo ƙasa daga cikin rami sai ya damƙa, ya shinshina, ya faɗi ko ruwa na kusa.

Ran nan da la'asar na taso daga lakwal, makarantarmu ta boko, a guje, na iske shi bakin rijiyar da ya yi wata biyu yana haƙa a bayan Dakoro. Makiyaya na zazzaune suna jira, shanunsu duk haƙarƙari a waje.

Na ce, "Baba, malaminmu ya ce an aika wani inji duniyar wata, ya haƙa, ya dawo da ƙasar can."

Na zaci dariya zai yi. Sai ya juyo ya ce, "Gaba nawa suka haƙa? Da danshi?"

Ban sani ba, don ban tambaya ba.

Ya kai ƙasar hannunsa hanci, ya daɗe haka, sannan ya buɗe yatsu ta zube kamar gari. Makiyayan suka miƙe, suka kora shanunsu.

Sai da na girma na ji amsar: ta can ma a bushe take. Gara da ban sani ba ran nan.