Yaron Aro a Ɗakin Madam Afaf

Basil ya ƙirga yatsunsa zuwa bakwai, ya tsallake takwas, ya cusa na tara a hanci. Ubansa Ustaz Midhat, ma'aikacin hukumar ruwa a birnin Mansura, ya dafe kai. Gwajin shiga ajin share fage na makarantar Furannin Gobe ya matso, ga ɗan shekara huɗun nan bai iya bambance alif da karan rake ba.

Gwajin kuwa ba na wasa ba ne. Sai yaro ya ƙirga zuwa talatin da Larabci da Turanci, ya gane haruffa, ya faɗi sunan zane mai kusurwa shida, kafin a yarda ya shiga inda za a koya masa su. Midhat ya taɓa tambayar matarsa Nashwa, in yaro ya iya wannan duka, me zai je nema a makarantar? Ta ce ya je ya tambayi ƙanwarta, wadda 'ya'yanta biyu ke can, take kuma yi mata gori duk Juma'a a gidan iyayensu. Ta ƙara da cewa in Basil ya faɗi, shi da zaman lafiya sai dai ya gani a gidan maƙwabta.

Mai yin gwajin ita ce Madam Afaf, dodon iyayen yara a Mansura. Kowace shekara sai ta ƙara tsaurara tambayoyin. An ce ta kayar da ɗan wani babban likita don ya kira raƙumi doki, da uban ya aika mata da faranti na alawar basbusa ta mayar masa ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Am Shahata, tsohon mai gadin benensu, shi ya tare Midhat a ƙarƙashin matakala.

“Ya Basha, ka daina wahalar da yaro. Akwai wani Samih, shekararsa shida, amma ɗan tsurut ne. A yi masa aski irin na ɗanka, a sa masa rigarsa. Hoton da kuka kai ai na jarirantaka ne, jarirai kuwa duk kamarsu ɗaya.”

“Madam Afaf fa? An ce har hanjin mutum take gani.”

“Bai taɓa faɗuwa a hannunta ba.”

Kuɗin da tsohon ya ambata sun kusa cinye albashin wata, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar gwaji da safe aka kawo Samih bakin titi, fes da shi. A cikin tasi ya tambayi sunan Basil, da na uwarsa, da launin da ya fi so, yana gyaɗa kai kamar tsohon akawu.

“Ammu,” in ji yaron, wato baffa, “in cinye duka ko in yi kuskure ɗaya? Masu wayo kuskure ɗaya suke zaɓa.”

Midhat ya zaɓi kuskure ɗaya, kunya kamar ta kashe shi.

Zauren jira ya cika da iyaye, kowa ya saka ɗansa a gaba yana ɗura masa lissafi. Wata uwa tana mintsinin 'yarta don ta manta abin da ke bin sha tara. Samih ya ce fitsari yake ji, ya miƙe ya nufi banɗaki bai tambayi kowa hanya ba. Midhat ya ce a ransa, lallai yaron nan da kai.

Da aka kira su, Madam Afaf ta dubi yaron ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa. Midhat ya san abin da ke jiransa. In asiri ya tonu, ba makarantar kirki a garin nan da za ta ƙara karɓar Basil, shi kuma ya zama abin hira a ofis.

Samih ya ƙirga zuwa talatin, ya jera haruffa, ya kira launin lemo ja, sannan ya rufe baki da hannu kamar wanda ya ji kunya. Ya fara karkaɗa ƙafa. “Zauna daidai,” in ji Madam, ba ta ko ɗago daga rubutunta ba, nan take ya nutsu.

Ta buga hatimi, ta juyo. “Ustaz, tun da na fara aikin nan ba wanda ya taɓa yi mini rufa ido. Wannan yaro ya sami tarbiyya. Uwarsa ta cancanci yabo.”

A tsakar makaranta Midhat ya buga wa Nashwa waya, ta rangaɗa guɗar da ta kusa fasa masa kunne. Yana kashewa ya duba gefensa, ba yaro. Ɓatar da ɗan mutane kuwa ya fi faɗuwa gwaji muni. Ya leƙa banɗaki, ya leƙa bakin ƙofa, ya koma da sauri wajen ɗakin gwaji.

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba. Madam Afaf ta durƙusa gaban yaron tana goge masa baki da hankici, shi kuma yana wasa da igiyar tabaraunta, yana hamma.

“Mama, gobe kuma wa ye sunana?”