Mai Danne Layi

Isiyaku ya ɗaure noti na ƙarshe a jikin eriyar rediyo, ya sauko daga kan tankin ruwan gidansa da ke Kurmin Mashi yana wani murmushi mara daɗi.

Shi ne shugaban wata 'yar ƙungiya ta masu hira da rediyon oba-oba don sha'awa. Duk Asabar bayan la'asar sukan haɗu a iska, daga Rigasa har Rigachikun, ta hanyar rifita, na'urar da ke karɓar muryar mutum ta cilla ta nesa.

Tun bara wani ya sa shi a gaba. Da zarar an ce Isiyaku ya yi magana, sai a danne maɓalli a riƙe, layi ya toshe. Ba zagi, ba dariya. Numfashi kawai ake ji.

Abin ya soma ne bayan rasuwar 'yarsa Khadija, wadda asma ta shaƙe wata Asabar yana ɗakin rediyo, ƙofa a kulle, abin sauraro a kunne. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Hirar nan kaɗai ta rage masa ta ɗebe kewa, ita ce kuma wani azzalumi ke hana shi.

Ba ya ko shakka Iliya ne, wanda ya kayar a zaɓen shugabanci.

Shi ya sa ya cire tsohuwar rifita ya kafa ta dijital. A wannan, duk wanda ya taɓa maɓalli sunansa zai fito a gilashin kowane rediyo. Da hannunsa ya saka wa kowane rediyo sunan mai shi, har nasa guda biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin a kicin yake barinsa, don can ne soket ɗin sola yake. Ya kuma sa aka amince da doka: wanda sunansa ya fito, an kore shi, kuma a kai ƙara a ƙwace lasisinsa.

Yana cin tuwo ya yi wa matarsa Hasiya bayani.

"Kowa zai gani?" ta tambaya.

"Kowa."

"Allah ya tona asirin mai laifi," ta ce, ta kwashe kwanuka.

Ranar gwaji wasu suka taru a ƙarƙashin mangwaron gidan, sauran suna saurare daga unguwanninsu. Iliya bai zo ba. Ta iska aka ji shi.

"Shugaba, mun ji ka zuba tarko. Allah ya sa ba ɓeran gida za ka kama ba! Bisimilla, layi naka ne."

Isiyaku ya ɗaga babban rediyonsa. Kafin yatsansa ya kai maɓalli, layi ya toshe. Ga numfashin nan.

Zuciyarsa ta yi fari. Ya duba gilashi.

Sunansa ne. Ya ɗago kai, duk wanda ke wurin shi yake kallo. Ya buɗe hannu don su ga bai taɓa komai ba.

Sai numfashin ya yi magana a karo na farko, da muryar Hasiya, a hankali, ta cikin kowane rediyo, ta tagar kicin kuma:

"Baban Khadija, ka ji yadda ake kira ba a jin mutum? Haka na yi ta dukan ƙofarka ranar, tana hannuna."